Mai Ashana da Ƙofofin Damina

Mai Ashana ba ya sayar da ashana, ba ya kuma shan taba. Kafinta ne, aikinsa ƙofa da taga, kuma ya shekara arba'in da ɗoriya yana yinsa a wani gari na bakin kogi inda ruwan sama kan yi wata takwas yana zuba. Gajere ne mai faɗin ƙirji. Yatsunsa biyu na hagu ba sa lanƙwasuwa sosai tun ranar da zarto ya taɓa su. Kullum akwai kwalin ashana a aljihun rigarsa, kuma daga nan sunan ya fito. Har jikokinsa da shi suke kiransa, sai dai su sa "Kaka" a gaba.

Ba a garin aka haife shi ba. Ya taso ne a ƙasa mai busasshiyar iska, inda in ka shanya riga ka shiga ɗaki ka fito, ka tarar ta bushe ƙayau. Can ya koyi sana'ar a hannun baffansa, mutum marar yawan magana mai son aiki ya fita tsaf. In an gama kafa ƙofa, baffan yakan rufe ta, ya ɗauko reza, ya bi da ita tsakanin ƙofar da firam ɗinta. In rezar ta shige, sai ya ce, "Cire." Ba ya ƙara ko kalma ɗaya. Shekara tara ya yi yana jin wannan kalma, har ya kai ga yin ƙofar da reza ba ta shiga. Da haka ya san kansa kafinta.

Bayan ya yi aure da shekara ɗaya, wani direban babbar mota da ke kawo musu katako ya ce masa garin da yake ɗauko kayan yana ta bunƙasa, gine-gine ko'ina, kafintoci kuwa sun yi kaɗan. Ya ɗaure kayan aikinsa a buhu, ya ɗauki mai ɗakinsa, suka bi motar. Kwana biyu suka yi a hanya.

Sun iso a cikin ɗan ranin garin, wanda ba ya wuce wata huɗu. Zafi ba baƙonsu ba ne, amma wannan daban yake. Can gida rana takan gasa mutum, ya shiga inuwa ya huta. Nan kuwa inuwar ma ba ta da wani amfani, gumi ya fito ya zauna a jiki ya ƙi bushewa. Mai ɗakinsa ta ce ita dai tun da suka zo ji take kamar an lulluɓe ta da jiƙaƙƙen bargo. Shi kuwa aiki ya samu tun a makon farko: wani ƙaramin asibitin unguwa da aka gama ginawa yana neman ƙofofi tara da tagogi shida.

Ya zage ya yi aikin yadda aka koya masa. Ya zaɓi katakon da ya bushe sarai, ya goge, ya haɗa, ya kafa. Ya bi kowace ƙofa da reza, ba wadda ta karɓa. Mai kula da ginin ya buɗe, ya rufe, ya jinjina kai, ya ce bai taɓa ganin ƙofa mai rufuwa shiru irin wannan ba.

Sai damina ta faɗi. Da farko a gida abin ya fara nunawa. Gishiri ya narke a gwangwani. Takalmansa na fita da ya ajiye a ƙarƙashin gado suka yi funfuna, kore shar. Mai ɗakinsa ta shanya zane kwana uku, ta ɗauko shi da danshi yana warin ruma. Zartonsa da ya kwana a rataye ya wayi gari da jan tsatsa a haƙora. Duk wannan ya gani, amma bai kawo ƙofofin asibiti a ransa ba.

A mako na uku, da hantsi, yana cikin shago sai ga matar da ke sharar asibitin ta shigo a jiƙe, tana haki.

"Kai ne kafintan da ya yi mana ƙofa?"

"Ni ne. Lafiya?"

"Ina fa lafiya. Zo ka gani, ƙofarka ta kulle Malama."

Malamar asibitin ta shiga ɗakin magani tun da safe. Kwana biyu ke nan ƙofar tana cijewa, ranar sai ta sa ƙarfi ta banko ta don kada iska ta kaɗo ruwa kan kwalaye. Da ta zo fita, ƙofa ta ce ba ta san zancen ba. Ko da kafintan ya iso, marasa lafiya sun cika benci a baranda, malamar kuwa tana miƙo musu magani ta tsakanin ƙarafan taga. Tana ganinsa ta ajiye kwalbar da ke hannunta.

"Sannu da zuwa, gwanin ƙofa. Ɗakin magani aka ce ka yi wa ƙofa, ko kurkuku?"

Ya gaishe ta. Ya murɗa hannun ƙofar, ya sa kafaɗa, ko motsi ba ta yi ba. Maza biyu daga cikin masu rakiyar marasa lafiya suka taya shi, a banza. Katakon ya kumbura ya cika firam ɗin tam, kamar tare aka sassaƙa su. Ƙarshe sai da ya ɗauko kurfi da guduma ya bi gefen ƙofar yana sara, ɓaraguzan aikinsa suna zuba a ƙafafunsa, mutane suna kallo. Sai wajen azahar malamar ta fito. Ta gyara ɗankwalinta, ta nuna masa sauran ƙofofi takwas da baki.

"Waɗancan ma ba ma rufe su. Mun ji tsoro."

A kan bencin akwai wani tsoho da ya zo wankin ciwo a ƙafa. Tun da aka fara yake kallo, bai yi dariya ba. Da kafintan ya durƙusa yana tattara kayansa, tsohon ya ce, "Ɗana, ba a nan ka koyi aiki ba."

"A'a, Baba."

"Ai na gani. Hannunka yana da kyau, garin ne ba ka sani ba. In ka samu sarari ka zo bakin kogi, ka tambayi mai kwalekwale."

Sai da ya yi kwana biyar yana jin nauyin fita kafin ya je. Ya tarar da tsohon a ƙarƙashin rumfa, yana haɗa jirgin ruwa da dogayen katakai. Abin da ya fara ba shi mamaki shi ne, tsakanin katako da katako akwai 'yar rata, har kana hango ƙasa ta ciki.

"Baba, wannan ai nutsewa zai yi."

"In na sa shi a ruwa yau, zai sha. Bayan kwana uku ka zo da allura ka nemi inda za ka soka." Tsohon ya shafa gefen jirgin. "Katako a garin nan yana shan ruwa ko ba ka ba shi ba. Daga iska yake sha. Ni kumburin nan da shi nake ci. Kai kuma shi zai hana ka ci, sai fa in ka bar masa wurin zama."

Ya zaro kwalin ashana daga ƙarƙashin tabarmarsa, ya haɗa tsinke biyu, ya nuna masa kaurinsu. In da rani ka kafa ƙofa, in ji shi, ka bar mata wannan ta kowane gefe. In da damina ne, tsinke ɗaya ya isa, don ta riga ta sha ta ƙoshi. Kada ka kafa katako ranar da ka kawo shi, ka jingine shi a ɗakin da zai zauna ya yi mako guda. Kuma ka shafa fenti a ƙasan ƙofa da samanta, inda ido ba ya gani, don ta nan take shan ruwa.

Kafintan ya yi godiya ya tafi, amma abin bai kwanta masa ba. A wurinsa rata a ƙofa abin kunya ce. Ya faɗa wa mai ɗakinsa haka suna zaune a tsakar gida, tana jera kaya a kan igiyar da ta ɗaura a ƙarƙashin rumfar murhu don hayaƙi ya taya su bushewa.

"To, maigida," ta ce, "wanne ya fi kunya, ratar ko kulle Malama?"

Washegari ya sayi ashana. Ya koma asibitin ya sauke ƙofofin ɗaya bayan ɗaya, ya rage su, ya mayar. Malamar ta tsaya a kansa tana kallon yadda yake cusa tsinke biyu a gefe kafin ya ɗaure, ita ce kuma ta fara ce masa Mai Ashana. Da zolaya ta faɗa, sunan kuma ya bi shi.

Daga nan shekararsa ta rabu gida biyu. Da damina ana kiransa gida-gida don ƙofofin da wasu suka kafa sun cije, durowa ta ƙi jawuwa, taga ta ƙi rufuwa. Da rani kuwa masu ƙorafi ne ke zuwa. Wani mai shagon yadi ya taɓa tare shi a hanya ya ce, "Malam, ƙofar da ka yi mini fa ƙadangare yana shiga ba sallama." Ya ce masa, "Ka yi haƙuri wata biyu, Alhaji. In ruwa ya sauka ko kiyashi sai ya ƙwanƙwasa." Haka kuwa aka yi.

Sauran abubuwan a hankali ya koye su, yawanci bayan sun cuce shi sau ɗaya. Gara ta cinye masa tarin katako da ya jibge a ƙasa, sai ya riƙa ɗora su kan bulo yana sa 'yan sanduna a tsakani don iska ta ratsa. Kayan ƙarfe kuma kowace yamma sai ya shafe su da baƙin mai ya naɗe a tsumma. Gam ba ya kamawa da wuri in gari ya yi laima, don haka ya daina alkawarin gobe, sai dai jibi ko gata. Shagonsa na farko ɗaki ne rufaffe mai rufin kwano. A cikinsa ya taɓa yanke jiki ya faɗi da tsakar rana, maƙwabcinsa mai gyaran keke ya yayyafa masa ruwa. Da ya farfaɗo, ya roƙi mai gidan ya bar shi ya fasa bangon baya, ya mayar da shi taga tun daga ƙugu har sama. Tun daga ranar yake fara aiki gari na wayewa, ya ajiye guduma in rana ta take, sai la'asar ya sake ɗauka.

Irin ƙofofin da yake yi ma sun canza. Ya ga gidajen da aka toshe ko'ina su ne bangonsu ke yin baƙi, tufafi su ruɓe a akwati. Sai ya fara yin tagogi masu jerin 'yan katakai a karkace, iska ta shiga ruwa ya tsaya a waje, yana kuma barin wata 'yar kafa mai raga a saman kowace ƙofa. A nasa gidan ya fara gwadawa, lokacin da ɗansu na fari yake jariri, ƙurajen zafi sun feso masa a wuya da baya yana ta kuka. Mai ɗakinsa ta ce ba a taɓa yi mata kyautar da ta kai tagar nan ba. Ita ma ta zama 'yar gari. Takan sa 'yan ƙwayoyin shinkafa a gwangwanin gishiri, ta janye gado daga jikin bango, kuma rana na leƙowa ko ta minti goma ce, za ka ga katifunta a waje kafin na kowa.

'Ya'ya biyar suka haifa, huɗu suka rayu. Ya shekara ashirin da uku bai koma garinsu ba, sai da saƙo ya zo cewa baffansa ya tsufa ƙwarai, idonsa ya tafi, yana zaune a gidan yayar Mai Ashana. Ya yi wa yayar wani ɗan kabad na ajiye kwanuka, mai ƙofa biyu, ya ɗora a mota ya tafi da shi.

A kwana na biyu da isarsa ya yi haɓo. Leɓɓansa suka tsage, dugadugansa suka yi faso, maƙogwaronsa ya bushe, yana ta kwankwaɗar ruwa kamar baƙo. Yayarsa ta ce, "Kai da aka haifa a ɗakin can, yau kai ne iska take wa haɓo? Lallai an mayar mana da kai kwaɗo."

Baffan ya sa aka kawo kabad ɗin gabansa. Ya bi shi da yatsu, kusurwa zuwa kusurwa, har ya zo tsakanin ƙofofin biyu. Ya tsaya a nan, ya sa farcensa, farcen ya shige.

"Wa ya koya maka wannan?"

"Garin ne, Baffa. Can katako kumbura yake yi."

Tsohon ya ce, "To, nan ba can ba ne." A rana ta shida, suna zaune da azahar, suka ji ƙara kamar an karya sanda. Allon gefen kabad ɗin ne ya tsage daga sama har ƙasa. Katakon da ya sha laimar bakin kogi ya zo ya bushe da gaggawa. Mai Ashana ya gyara shi da wani katakon na garin, ya kwana biyu a kai, ya yi sallama. Baffan ya rasu a shekarar. Mai Ashana bai sake komawa ba, sai dai aike.

Da shekaru suka ja, sai ƙofofin ƙarfe suka shigo. Mutane suka ce sun fi tsaro, ba ruwansu da gara, ba sa kumbura. Aikinsa ya ragu da fiye da rabi. Ɗansa na fari, wanda ya so ya gaje shi, ya zama mai walda. Ba su yi faɗa a kai ba. Uban dai ya yi wata guda ba ya tambayarsa yaya aiki.

Da ɗan ya kafu, ya buɗe nasa shagon, sai ya ce zai canza wa iyayensa ƙofar gida, ya sa musu ta ƙarfe mai ado. Uban ya ce, "Ƙofar nan yamma take kallo." Ɗan ya ce, "Baba, ƙarfe ne fa, me rana za ta yi masa?" Uban ya ce to. Aka kafa ta, maƙwabta suka zo suna yabawa. Da rani ya yi, daga azahar zuwa la'asar ba mai iya taɓa ta da hannu. Uwar ta rataye tsumma a ƙusa don buɗewa, zauren kuma ya koma kamar tanda, har kajinta suka daina shiga. Bayan damina uku ƙasan ƙofar ya ci tsatsa ya ɓule. Mai Ashana bai ce ai na faɗa ba. Wata safiya ya ɗauko katako ya yi wa ƙofar rumfa mai faɗi, ya nuna wa ɗan inda ruwa ke taruwa a ƙarƙashinta, ya ce ya yanke tsawon yatsa uku ya ɗaga ta. Ɗan ya yanke.

Bayan wannan ne suka haɗa shago. Rumfa ɗaya ce doguwa a bakin titi, buɗe ta gaba da baya, walda a gefe ɗaya, katako a ɗaya gefen, da bangon bulo a tsakani saboda tartsatsi. Ɗan yana yin ƙarafan taga da firam, uban yana sa musu 'yan katakan iska. Akwai masu zuwa don ƙarfen kawai, su ce katakon ya zama tsohon yayi. Akwai kuma waɗanda suka kwana a ɗaki mai tagar gilashi ranar da aka ɗauke wuta, su ne ke dawowa neman tsohon. Abu ɗaya ne har yau ba su daidaita a kai ba: ɗan ba ya ajiye aiki da tsakar rana. Yakan sa baƙin gilashinsa ya duƙa kan ƙarfe, riga sharkaf, uwar tana aiko masa da ruwa a jarka. Uban ya yi magana sau biyu ya bari.

Yanzu Mai Ashana ya haura saba'in. Gwiwoyinsa suna ciwo in hadari ya haɗu, kuma matan layin sukan leƙo su tambaye shi ko su yi shanya. Yakan taɓa gwiwar ya ce su yi, ko su dakata. Yana dacewa sau da yawa, wani lokaci kuma ruwa ya dake su da kayansu, su zo su yi masa tsiya, ya ce ai gwiwar hagu ya tambaya, ita kuwa maƙaryaciya ce. Ba ya iya ɗaga ƙofa shi kaɗai, don haka ya fi yin ƙananan abubuwa: kujerun zama, allunan yanka, akwatin ajiye takardu mai 'yan huji a gefe.

Daminar bara kwanon rumfar ya ɓule daidai saman teburin aikinsa. Ɗan ya ce zai hau ya toshe in ruwa ya tsagaita. Ruwan ya yi kwana huɗu bai tsagaita ba. Tsohon ya kira mai gyaran keke, wanda shi ma ya tsufa, suka kama teburin suka matsar da shi taku biyu zuwa dama. Ya ajiye bokiti a inda yake ɗiga, ya goge hannunsa a riga, ya ci gaba da ƙafar kujerar da yake sassaƙawa.